Hawan igiyar ruwa a Lome cikin damina: yadda teku da iska suke a watan bakwai da na takwas

Wani matashi daga unguwar Zariya a Maraɗi ya aiko mini da tambaya. Idan aka yi hutun makaranta zai tafi Lome wurin kawunsa mai harkar fito da kaya a tashar jiragen ruwa, zai yi watan bakwai da na takwas a can. Tun gasar Olamfik ta 2024 yake kallon masu hawan igiyar ruwa da allo a waya, kuma ya karanta cewa a lokacin zafin Turawa teku takan kwanta, igiyoyi su yi ƙanana, wato lokacin koyo ke nan. Yana son sanin ko haka ne, da yadda zai gane ranar da ruwa da iska suka yi kyau. Ya ƙara da cewa ya iya iyo, a tabki ya koya.

Ƙanena, tambayarka ta yi mini daɗi, don ni ma ɗan Maraɗi ne da bai ga teku ba sai da gemu ya fara fito masa. Daga baya aiki ya zaunar da ni bakin teku shekaru masu yawa ina auna igiyar ruwa da tafiyar rairayi, a can kuma na koyi hawan allon. Abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai gaskiyar Faransa da Maroko ce. Su igiyarsu daga arewacin tekun Atilantika take zuwa, kuma guguwar can sai da sanyi take tashi, shi ya sa bakin tekun Biyariz na Faransa da na Tagazut na Maroko suke lafawa a watan bakwai. Gaɓar Togo da Benin da Gana kuwa daga kudu ake ciyar da ita. Daga watan shida zuwa na tara teku ta fi ƙarfi a wurin cikin duk shekara, kuma a daidai wannan lokacin iska ta fi dagula fuskar ruwa. Watannin da ka zaɓa su ne mafi wuya ga mai koyo.

Igiyar ruwa iri biyu ce, wanda bai raba su ba ba zai iya karanta teku ba. Akwai wadda iskar wurin take tayarwa nan take. Ka tuna tabkin Madarunfa ran da hadari ya taso: ƙananan igiyoyi suna karo da juna, kowace da inda ta nufa, iska na tsayawa su ma su kwanta. Wannan ni nake kira igiyar gida. Abu uku ke gina igiya, ƙarfin iska, daɗewar da ta yi tana busawa, da tsawon filin ruwan da ta bi. A Madarunfa na ukun ne babu, shi ya sa ko iska ta cire rufin kwano, igiyar tabkin ba ta yin wani girma.

Ɗayar baƙuwa ce, a Lome za ka ji masu Faransanci suna ce mata houle. Can ƙuryar kudancin Atilantika ake haifar ta, tsakanin Ajantina da Afirka ta Kudu, wajen digiri 40 zuwa 55 kudu da layin tsakiyar duniya, inda ruwa ne zalla babu ƙasar da za ta tare iska. Lokacin da muke shuka gero su sanyinsu ke nan, guguwa na bin guguwa, iska ta kwana biyu ko uku tana tura ruwa a fili mai tsawon ɗaruruwan kilomita. Daga can zuwa Lome ya fi kilomita 5,000, kuma gaɓar Togo kudu take kallo, ƙofa a buɗe. A hanya igiyoyin suna tace kansu. Dogaye sun fi gudu sai su wuce gaba, gajeru su raunana a baya, har su iso a jere kamar ayarin raƙuman gishiri daga Bilma: huɗu, biyar, shida a bayan juna, sai shiru na ƴan mintoci, sai wani ayarin. Wannan shirun ya yaudari baƙi da yawa. Mutum ya iso bakin ruwa, ya duba minti ɗaya, ya ga lafiya lau, ya tuɓe ya shiga, sai ayari ya riske shi. Kafin ka jiƙa ƙafa ka zauna minti 20 cur kana kallo, ka ƙirga ayari uku aƙalla, ka ga girman babbar cikinsu.

Da za a ce in koya maka lamba ɗaya tak a cikin hasashen teku da ake gani a waya, a shafukan hasashen yanayi irin su Windy ko Windguru, tazara zan koya maka, wato sakan nawa ne tsakanin wucewar ƙoƙuwar igiya ɗaya da ta bayanta. Yawancin masu koyo tsayi kawai suke dubawa. Ga dalilin da ya sa tazara ta fi tsayi faɗar gaskiya. A ruwa mai zurfi, tsawon igiya daga ƙoƙuwa zuwa ƙoƙuwa shi ne tazara sau tazara sau 1.56, a mita. Mai sakan 6 tsawonta kamar mita 56 ne. Mai sakan 15 kuwa ta kai mita 350. Motsin igiya yana sauka cikin ruwa har zurfin rabin tsawonta, saboda haka ta farko mita 28 kawai take motsawa, ta biyu har mita 175 take girgiza ruwa. Dukansu ana iya rubuta musu mita 1 a waya, amma da suka iso ruwa marar zurfi, mai sakan 15 sai ta rage gudu, ta tattaro duk ƙarfin nan da ta ɓoye a ƙasa ta miƙe tsaye, ta fi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Mai sakan 6 kuwa ta faɗi warwas, kumfa ce kawai. Irin mai sakan 15 ɗin tana cin kilomita 1,000 a kwana, wato igiyar da ta fashe a gabanka ran Juma'a tun wajen Lahadi ta baro inda aka haife ta. Shi ya sa sararin Lome zai iya zama garau, babu ko iska, teku kuwa tana ruri.

Ƙasa da sakan 8 igiyar gida ce, hargitsi. Daga 9 zuwa 12 ita ce ta yau da kullum a gaɓar nan. Ka ga 13 zuwa sama da tsayin da ya wuce mita 1, wannan ranar kallo ce gare ka. Ka kuma san cewa tsayin da hasashe ke bayarwa matsakaicin manyan igiyoyi ne, kashi ɗaya cikin uku mafi girma, don haka jifa-jifa wata za ta zo da ta kusa ninka shi. Kuma idan tsayi ya ninka biyu, ƙarfi huɗu yake ninkawa. A watan bakwai da na takwas mita 1 da rabi zuwa 2 ba abin mamaki ba ne a Lome. Ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska nauyinsa tan guda ne, buhun siminti 20. Leɓen igiya ɗaya yana ɗauke da irin wannan akwatin da yawa.

Nan ne zan ja kunnenka game da Lome kanta. Igiya takan fashe idan zurfin ruwa ya ragu ya kusa daidai da tsayinta. Inda ƙasan teku ya tafi a shimfiɗe, tun daga nesa take fashewa sannu a hankali, ta gangaro da farar kumfa mai tsawo, wadda ita ce makarantar mai koyo. Bakin ruwan Lome, da na Kwatano har zuwa Gran Popo, ba haka yake ba. Rairayin manyan tsaba ne, gangaren kuma a tsaye yake, taku kaɗan ka yi ruwa ya shanye ka. Igiya takan zo da duk ƙarfinta har bakin gaɓa, sannan ta miƙe ta kife gaba ɗaya a kan rairayi, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Ni kaina a shekarata ta biyu a gaɓar nan, cikin watan takwas, irin wannan igiyar ta ɗaga ni ta buga da ƙasa, kafaɗata ta goce, wani masunci ne ya jawo ni kafin ta bayanta ta iso. Da kai na sauka maimakon kafaɗa, da wani zance ake yi yau. Har yanzu idan sanyi ya shigo kafaɗar takan tuna mini. Gabas da tashar jiragen ruwa kuma, wajen Bagida zuwa Aneho, teku ta cinye rairayi tun bayan da gine-ginen tashar suka tare wanda ke zuwa daga yamma, har wani dogon dutse ya fito fili a bakin ruwa. Allo da dutse da mai koyo ba sa haɗuwa.

Sai iska. Wannan ka riga ka san ta, ba ka dai san ka sani ba. Iskar nan mai laima da ke juyowa daga kudu maso yamma a ƙarshen bazara, wadda tsofaffi ke shaƙa su ce damina ta kusa, daga wannan tekun take tasowa. Kafin ta kawo mana ruwa a Maraɗi da Tibiri da Gidan Runji, sai ta bi ta kan gaɓar Togo da Benin da Legas. A wurinmu rahama ce. A wurin mai hawan allo kuwa iska ce da ke busowa daga teku zuwa tudu, tana tura igiya ta baya, ta rusa ƙoƙuwarta tun ba ta gama miƙewa ba, sannan ta ɗora igiyar gida a kan baƙuwa, fuskar ruwa ta zama kamar gonar da aka yi wa huɗa. Abin da ake so shi ne kishiyarta, iskar da ke fita daga tudu zuwa teku, wadda ke tare gaban igiya ta riƙe ta a tsaye, ta share fuskarta sumul. A gaɓar da ke kallon kudu, iskar arewa ke yin wannan aikin, wato hunturu. Ƙurar da ke tsattsage mana leɓe a watan sha biyu da na ɗaya, ita ce ke gyara igiyar Lome da Akara da Asini ta Kodebuwa. A lokacin kuma baƙuwar igiya ta ragu, ruwa da ɗumi, teku ta fi sauƙin kai. In da zaɓi, lokacin ne na koyo.

Duk da haka damina ba ta rufe ƙofa ruf ba, akwai tagar safiya. Da rana ƙasa takan yi zafi fiye da ruwa, iskar kanta ta tashi sama, ta teku ta kwararo ta cike gurbin, ta haɗu da iskar damina ta ƙara mata ƙarfi. Shi ya sa daga hantsi zuwa la'asar ruwa ke lalacewa. Da dare ƙasa ta huce, wannan jan ya tsaya, wani lokaci ma ƴar iska mai sanyi ta fito daga tudu. Ka yi sallar asuba ka kama hanya, rana na fitowa kafin ƙarfe 6 a can, kana da kamar awa uku. Iskar da ba ta kai kilomita 10 a awa ba, daga ko'ina take zuwa, ba ta ɓata komai. Ta wuce 20 daga kudu maso yamma, ka bar allo a gida. Ka lura agogon Togo yana bayan namu da awa ɗaya, ka tabbatar lokacin da wayarka ke nunawa na can ne. Hadari kuwa daga gabas yake tasowa a can kamar yadda yake yi a gida, da iska mai ƙarfi a gabansa. Ka ji tsawa, ka fita daga ruwa nan take, domin mutum a zaune kan allo shi ne abu mafi tsayi a duk filin.

Cikar teku da janyewarta ba za su ba ka wahala ba, kai da ka saba lissafin wata. Sau biyu take cika sau biyu take janyewa a awa 24 da minti 50, kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ranakun tsayuwar wata da na 14 da 15 ga wata bambancin ya fi girma, ko da yake a gaɓar nan bai kai mita 2 ba. A gangare mai tsayi, cikar teku ita ke kawo fashewar nan ta kan rairayi. A bakin ruwa mai shimfiɗa, tsaka-tsaki tana cikowa ya fi daɗi.

Ka ce ka iya iyo a tabki. Na yarda, amma tabki ba ya tafiya da mutum. Duk ruwan da igiya ta zubo a gaɓa dole ya koma, kuma yakan tattaru ya haƙa wa kansa hanya ya fita da gudu kamar ƙorama a tsakiyar teku. Ka ga Gulbin Maraɗi a watan takwas idan ruwa ya sauko daga Jibiya, to irinsa ne, sai dai wannan ba shi da gaɓar da za ka gani. Yakan kai gudun mita 2 a sakan, gudun da gwanayen iyo na duniya ke yi da ƙyar na ɗan lokaci. Abin tsoron shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: ruwan ya fi duhu, igiya ba ta fashewa a wurin don ya fi zurfi, kumfa da shara suna tafiya ciki. Baƙo yakan zaɓe shi don ya ga babu igiya. Idan ya ɗauke ka, kada ka saki allo, shi ne kwalekwalenka. Kada ka yi kokawa da shi kana nufar gaɓa kai tsaye, gajiya ke kashe mutane. Ba ya nutsar da mutum ƙasa, fitar da shi yake yi, kuma siriri ne. Ka yi iyo a kaikaice, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga cikinsa, sannan ka bar farar kumfa ta turo ka. Hausawa sun ce iya ruwa fidda kai. Akwai kuma wani jan na dabam da ke bin gaɓa daga yamma zuwa gabas, saboda igiyoyin a karkace suke isowa. Ka sa alama da wata bishiyar kwakwa ko gini kafin ka shiga, za ka yi mamakin nisan da ka yi cikin minti 10. Kafin ka taɓa allo, ka gwada kanka a wurin wanka na otal ko na wasanni: mita 200 ba tsayawa, sannan minti 10 kana shawagi ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba. In ka kasa, hutun bana na koyon iyo ne, kuma ba asara ka yi ba.

Wani abin da zai ba ka mamaki, watan takwas da ruwa ya fi zuba a Maraɗi, a Lome ɗan rani ne. Ruwan sama yakan ɗauke, gari ya yi lumshi da sanyi-sanyi. Ruwan tekun ma yakan huce, domin na ƙasa mai sanyi yana tasowa sama a gaɓar Kodebuwa da Gana har Togo daga watan bakwai zuwa na tara. Daga digiri 28 ko 29 na bazara yakan sauko 24 ko ƙasa da haka. Lokacin ne masunta ke cika jirage da ƙananan kifi. Awa ɗaya a ciki za ka fara karkarwa, don haka ka nemi rigar roba marar kauri, ko aƙalla riga mai kama jiki da za ta hana allo goge maka ƙirji. Farkon watan bakwai kuwa ragowar babbar daminarsu ce. In an yi ruwa mai yawa, kwatamin gari duk teku yake nufa, ka ba shi kwana uku kafin ka shiga, musamman in kana da rauni a jiki.

To ina za ka koya? In kawu ya yarda kuma aljihu ya ɗauka, ka tsallaka Gana, iyakar Aflawo a bakin Lome take. Kokrobite na yamma da Akara kaɗan, akwai masu koyarwa. Wanda na fi so maka shi ne Busuwa, gaba da Takoradi: lungun teku ne mai shimfiɗaɗɗen rairayi, da ɗan tsibiri a gabansa, igiya tana gangarowa a hankali, yaran garin kuma sun ƙware, wasunsu da koyarwar suke ci. A Legas akwai Takwa Be, da jirgin ruwa ake zuwa, katangar duwatsun mashigar tashar jirage ta kare shi daga ƙarfin teku. Kuma kada wani ya ce maka wasan Turawa ka je koyo. Tun 1834 wani Bature ɗan Birtaniya ya rubuta cewa ya ga yara a Akara suna shiga teku da ƙananan alluna a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran igiya ta kawo su gaɓa. Jikokin waɗannan yaran ne za su koya maka, ka girmama su, ka girmama masunta, kada ka shiga inda suke jan koma ko fito da jirgi. Masunci da ya ce maka yau teku ba ta da kyau ya fi wayarka sani.

Ka nemi babban allo mai laushi na soso, tsawon mita 2 da rabi ko kusa da haka, da maɗaurin ƙafa mai kyau wanda ka duba da hannunka. Gajeren allon da kake gani a bidiyo na gwanaye ne, ba zai ɗauke ka ba. Makon farko duka a farar kumfa za ka yi shi, inda ruwa ya tsaya maka a ƙugu, kana koyon kwanciya a tsakiyar allo, da tuƙi da hannu, da miƙewa a tashi ɗaya. In za ka faɗi, ka faɗi a kwance, kada ka yi tsalle da kai, ka rufe kanka da hannu biyu kafin ka ɗago don allon na iya dawowa. Kada ka riƙe allo a tsakaninka da igiya. Ko da wasa kada ka shiga kai kaɗai, kuma kullum kawu ya san inda kake da lokacin da za ka fito.

In tafiyar Gana ba ta yiwu ba, ka yi wata biyun a Lome kana koyon iyo da rana, da safe kuma ka je bakin ruwa da ɗan littafi. Ka rubuta abin da hasashe ya ce, tsayi da tazara da inda iska ta fito, sannan ka ƙirga tazarar da agogonka, ka rubuta abin da idonka ya gani, da inda ƙoramar komawa ta fito a ranar. Ka aiko mini da shafukan idan ka dawo Maraɗi, mu duba tare, sai mu tsara tafiyar hutun watan sha biyu lokacin da hunturu ya sauka gaɓa.